Barcin Garba Dogo a Ƙarƙashin Tirela

Jiya na ji ɗayanku yana ce wa ɗan'uwansa aikin ɗakin numfashi aikin 'yan hutu ne. Wai ka sa wa mutum bututu a baki, ka ce ya busa, inji ya fito da takarda, ka miƙa wa likita, shi ke nan ka ci albashi. Ban tanka ba don ina da marar lafiya a gabana. Yau layi ya ƙare da wuri, don haka ku jawo benci ku zauna. Kun ga takardun nan biyu da na liƙa a bango, waɗanda suka yi ja saboda daɗewa? Ku dube su da kyau. Layi ɗaya ne a jikinsu, miƙaƙƙe, na mutum ɗaya, daga inji ɗaya. Ɗaya ƙarya ce, ɗaya gaskiya. Duk ranar da kuka iya bambance irinsu, a ranar kuka fara aiki.

Ni haifaffen Agege ne, ɗan mai sayar da goro. Ban shigo asibitin nan da takardar makaranta mai kauri irin taku ba, bakina ne ya kawo ni. Ina jin Hausa, ina jin Yarbanci, ina ɗan taɓa Turanci, sai aka ɗauke ni tafinta, in ba kowa kuma in yi shara. Wadda ta koya mini aiki ita ce Sista Bola, Allah ya jiƙan rai. Gajeriya ce, ga faɗa, ga tsabta kamar me. Wata shida na yi ban taɓa marar lafiya ba, aikina wanke bututun busa da shanya su. Daga nan ta miƙo mini wani ƙaton sirinji mai cin lita uku na iska, ta ce kullum da safe in tura wa injin, in ga ko zai faɗi lita ukun. In ya faɗi ƙasa ko sama da haka, ba mai busawa ranar sai an daidaita shi. Ranar da na yi ganda na tsallake, ta tattara takardun mutum tara ta yage a gabana, ta sa na bi su gida-gida na roƙe su suka dawo. Maganarta kullum ɗaya ce: inji ba ya ƙarya, amma ana yi masa ƙarya.

Mahauci na farko da na auna da hannuna daga Abatuwa ya zo, wato mayankar Oko-Oba. Hayaƙin babbaka ya cinye masa ƙirji, yana tari kamar zai amayar da hanji. Na maƙala masa abin toshe hanci, na ce ya cika ƙirji ya busa da ƙarfi. Ya yi wani ɗan huci kamar mai fifita koko. Sau biyar muna yi ba abin kirki. Sai dabara ta zo mini, na ce ya hura kamar yadda yake hura akuya kafin fiɗa. Ai kuwa ya kumbura kumatu ya dinga hurawa guntu-guntu, yana toshe bakin bututun da harshe tsakanin kowace hura, don haka suke yi kada iska ta dawo. Takarda ta fito kamar haƙoran zarto. Sista ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce na koya wa mahauci aikinsa, saura in koya masa nawa. Busar da muke so guda ɗaya ce, mai ƙarfi tun daga farko, a ja ta har iska ta ƙare. Dattawa suna ganin zubar da girma ne su yi jajir da ido a gaban yaro. Mata kuwa kunya ba ta barin su, sai na juya musu baya na fuskanci bango ina ta "ƙara, ƙara, ƙara" kamar mai korar awaki. Babu littafin da ya rubuta wannan.

Shekarar da sojoji suka koma bariki, likitoci da yawa da suka yi zamansu a waje suka fara dawowa. Namu yana cikinsu. Ya zo da kaya iri biyu da ba mu taɓa gani ba. Na farko ɗan akwati ne mai waya, ƙarshen wayar wani abu kamar abin shanya tufafi da ake maƙala wa yatsa. Yana nuna yawan iskar da ke cikin jini, yana kuma ajiye lissafin dare guda a cikinsa, da safe a fitar a takarda. Mu dai abin yatsa muke ce masa. Na biyu injin iska ne guda biyu, tsofaffi amma masu lafiya, kowanne da tiyo da abin rufe fuska. Likita ya ce akwai mutanen da in sun yi barci maƙogwaronsu yake rufewa, numfashi ya tsaya, su farka a firgice ba su sani ba, su koma, ya sake rufewa, haka har gari ya waye. Da rana sai su yi ta gyangyaɗi. Injin yana tura iska ne a hankali ya riƙe hanyar a buɗe. Ya ware ɗaki guda da gado mai kyau, ya ce nan za a riƙa auna barci.

Shekarar da ta biyo baya ba ta yi mana daɗi ba. Gari ya yi zafi, mutanenmu da yawa suka kwashe iyali zuwa gida, waɗanda suka rage ba mai son kwana a wajen unguwarsa. Wuta kuwa sai a yi kwana uku ba a ga ƙyallinta ba. Ban da wannan, wane Bahaushe ne zai yarda yana tafiya da ƙafarsa, yana cin tuwonsa, a ce ya zo asibiti ya kwana don yana minshari? A wurinmu minshari alamar ƙoshi ce da gajiyar neman halal. Ɗakin barci ya zama inda muke ajiye kwalaye. Kullum da safe nakan goge injinan nan biyu in mayar da su cikin leda, Likita kuma ya fara maganar sayar da su.

Ana haka wata Talata Alhaji Mamman ya shigo da direbansa. Alhaji Mamman dillalin shanu ne a Abatuwa, yana da tirela uku masu ɗauko dabbobi daga Arewa. Direban shi ne Garba Dogo, ƙaton mutum mai kaurin wuya da gemu har ƙirji, shekara ashirin da biyu yana kan sitiyari bai taɓa ko ƙuje fenti ba. Amma cikin wata huɗu sau biyu mota tana ƙwace masa. Na ƙarshen, bayan an wuce Jebba da rana tsaka, ya gangara daji da shanu a baya, biyu suka karye sai da aka yanka su a bakin titi. Allah ya kiyaye ba a rasa rai ba. A gareji wasu suka ce jifa aka yi masa, wasu suka ce ƙwaya ya fara sha a ɓoye. Alhaji ya karɓe makulli.

"Likita," in ji Alhaji, ni ina fassarawa, "mutumin nan tare muka taso da shi, ba na son in wulaƙanta shi. Amma ba zan sa dukiya da rayukan mutane a hannun mai barci ba. Saura wata biyu a fara jigilar Babbar Sallah. In ciwo ne kuma yana da magani, a rubuta mini, in mayar masa da makullinsa. In ba ciwo ba ne, to na san abin da mutane ke faɗa gaskiya ne, in ba wa wani."

Kafin Alhaji ya rufe baki, Garba da ake magana a kansa ya sunkuyar da kai a kan kujera, barci ya sace shi. Likita ya dube ni, na dube shi. Ya auna wuyansa da tef, ya leƙa maƙogwaronsa, ya ce ya zo ya kwana ranar Alhamis.

Na kwashe kwalaye, na shimfiɗa sabon zanen gado, na maƙala masa abin yatsa bayan sallar isha'i, na liƙe da filasta. Sista Bola ce ke aikin dare, ni na tafi gida. Da safe na fitar da takarda, ita ce ta hagun nan. Layi miƙaƙƙe tun daga farko har ƙarshe, iskar jininsa ba ta ko girgiza ba. Likita ya juya ta, ya sake juyawa, ya ce shi dai ya yi zaton zai ga wani abu, amma ba zai rubuta abin da bai gani ba. Alhaji ya karɓi bayani ya gyaɗa kai, ya ce, "To, Garba, ka ji." Na dubi Garba. Abin da ya ba ni mamaki, sai na ga kamar yana murmushi, kamar wanda ya ci jarrabawa. Sai da ya ga Alhaji ya shiga mota bai ce masa ya shigo ba, sannan fuskarsa ta sauya.

Na shiga ɗakin in cire zanen gado in kai wanki. Zanen yana nan yadda na shimfiɗa shi, ko lanƙwasa babu, sai ɗan wurin da aka zauna a bakin gado. Matashin kai bai lotsa ba. Na duƙa zan jawo kwandon shara, sai ga tuƙar goro jajir cike da gindinsa, ta fi ta mutum biyar. Kunya ta rufe ni. Ni da na tashi cikin ganyen goro, na ga haƙoran mutumin nan da safe sun yi ja kamar an shafa musu lalle, ban kawo komai a raina ba, don idona yana kan takarda. Na tambayi Sista, ta ce duk sanda ta leƙa takan gan shi kishingiɗe da carbi, ido a lumshe, ta ɗauka barci ne.

Da la'asar na hau okada zuwa garejin manyan motoci da ke bayan Abatuwa. Na same shi zaune a inuwar tirelar da aka raba shi da ita, yana goge madubinta da hular kansa.

"Malam Garba, goro nawa ka ci daren jiya?"

Ya dube ni a kaikaice. "Wa ya gaya maka?"

"Kwandon shara."

Ya mayar da hular kansa, ya ce, "Goma sha ɗaya."

"Don me? Barci muka kira ka ka yi."

"Sabi'u, kai yaro ne mai hankali, ka auna mana. Laifin da ake tuhumata da shi barci ne. Aka kawo ni inda za a rubuta wa Alhaji takarda, aka ɗaura mini abin da zai kai rahoto. Sai in kwanta in yi barcin? Ai na ɗaure kaina da igiyata ke nan. Cewa na yi bari in nuna musu Garba yana iya kwana ido biyu, har yanzu direba ne." Ya ƙara ƙasa da murya. "Ban da haka, ga matar mutane tana leƙowa. Ni da iyalina ma ta koma ɗakin yara saboda minsharina, in baje baki a gaban baƙuwa?"

Na zauna kusa da shi a kan tabarma. Na ce masa takardar da ya sha wuya ya gyara ita ce ta kashe shi, don ta ce ba shi da ciwo, kuma wanda ba shi da ciwo amma yana barci a kan sitiyari, mutane sun riga sun raɗa masa suna. Na ce abin da zai dawo masa da makulli shi ne takarda mummuna. Ya daɗe yana kallona kamar na zo masa da maganar mahaukata.

"Wato in na faɗi, na ci ke nan?"

"Haka ne, Malam Garba."

"Wannan wane irin aiki ne kuke yi?" Ya girgiza kai. "To amma ni gadon nan ba zan iya ba. Shekara ashirin a ƙarƙashin mota nake barcin kirki."

Shawo kan Likita ya bar ni in je in auna shi a gareji ya fi shawo kan Garba wuya. Abin yatsan nan guda ɗaya ne a asibitin, in ya lalace ko aka ƙwace a hanya babu inda za a samo wani. Ya ce ba a taɓa auna barci a gareji ba. Sista Bola ce ta tsaya mini. Ta ce ita aka yi wa wayo a ɗakin, don haka ita ma tana da haƙƙi a maganar, in abin ya ɓata a tuhume ta. Ta naɗe akwatin da tawul, ta saka cikin buhun garin rogo yadda ba mai kallonsa sau biyu, ta tura ni ƙofa tana cewa, "Oya, tafi, kada ka dawo mini da labari." Kafin in wuce gareji na biya gidan Alhaji Mamman. Na ce masa ba takarda zan kawo masa wannan karon ba, so nake ya zo da kansa, gani ya kori ji.

Bayan isha'i Garba ya shimfiɗa tabarmarsa tsakanin tayoyin baya, ya yi matashi da rigar sanyi. Na ce ya juye aljihu. Goro shida suka fito, na karɓe. Na maƙala masa abin yatsa, na jawo akwatin zuwa bayan taya inda ba zai gan mu ba, muka zauna ni da Alhaji a kan benci. Ko minti goma ba a yi ba aka fara. Na sha jin minshari, amma na Garba daban ne, har ƙarfen motar yana amsawa. Direbobin da ke kwance nesa suka ja tabarminsu suka ƙara nisa, da gani sun saba. Lambar da ke fuskar akwatin tana casa'in da shida. Sai minsharin ya yanke ɗif.

Na haska tocila a hankali. Ƙirjinsa yana ɗagawa yana sauka, yana kokawa, amma ba iskar da ke shiga. Na nuna wa Alhaji lambar. Casa'in. Tamanin da biyar. Tamanin. Ina ƙirga daƙiƙa a zuci, na wuce talatin, na wuce arba'in. Da ta kai saba'in da huɗu Alhaji ya miƙe tsaye.

"Sabi'u, tashe shi. Mutuwa zai yi a gabanmu."

Na riƙe masa hannun riga. Ni ma a tsorace nake, don a takarda na saba ganin abin, ban taɓa ganinsa a jikin mutum ba. Sai Garba ya yi wani irin gurnani kamar sa ya ji wuƙa, ya fizgi iska, ya motsa ƙafa, lamba ta fara hawa. Bai farka ba. Minshari ya dawo, bayan minti ɗaya ya sake yankewa. Alhaji ya koma ya zauna a hankali. Ya kalli abin sau goma, sau ashirin, can wajen tsakar dare ya juyo gare ni.

"Kullum haka yake kwana?"

"Kullum, Alhaji. Shekaru."

"Kuma da safe ya tashi ya ja mini mota har Maiduguri." Ya share fuska da hannun babbar riga. "Na ɗauki alhakin bawan Allah nan."

Takardar da ta fito washegari ba ta bangon nan, Likita ya riƙe ta, har taron likitoci ya je da ita. Hawa da sauka ne tun daga farko har ƙarshe, ba inda layin ya huta. Ya rubuta wa Alhaji cewa ciwo ne, yana da magani, amma kada Garba ya taɓa sitiyari sai ya yi wata guda da injin iska an sake aunawa.

Kada ku ɗauka an gama, tsugune ba ta ƙare ba. Da na fito da injin daga leda na nuna masa abin rufe fuska, Garba ya ja da baya ya ce shi ba jaki ba ne da za a sa wa takunkumi. Da ƙyar ya yarda aka gwada. Wanda muka fara sa masa babba ne, mai rufe hanci da baki, gefensa ya sauka a kan gemu, iska ta dinga tsiyaya ta cikin gashi tana fito. Likita ya ce ba makawa sai an aske gemun. Na fassara. Garba ya cire abin ya ajiye a kan tebur cikin ladabi, ya ce a gaya wa Likita ya gode, Alhaji ya riƙe makullinsa. Likita ya ɗaga hannuwa sama, ya ce shi bai ga abin da gashi zai yi wa mutum ba da har zai zaɓe shi a kan numfashi.

Ni na san abin da zai yi masa, don gemun ubana ma haka yake. Na koma cikin kwalin injin na tono ƙaramin, mai rufe hanci kaɗai. Wannan ba ruwansa da haɓa, a kan leɓen sama yake zama, abin da ke hana shi kamawa gashin baki ne. Na ce, "Malam Garba, me malamai suka ce a yi da gemu?" Ya ce a bar shi. "Gashin baki fa?" Ya ce a rage. Na ce to sunna kawai nake roƙo ya cika. Muka tsallaka titi wurin wanzami, ya kwashe gashin bakin tas, gemu ko silin gashi ba a taɓa ba. Muka dawo na ɗaura masa, na zagaya gefen da bayan hannuna ina neman inda iska ke fita, babu. Saura baki, don mai minshari da baki buɗe yake kwana. Sista ta yanko wani yadi mai laushi ta ɗinka masa maɗauri daga haɓa zuwa tsakar ka, gemun yana leƙowa ta ƙasa.

Wuta ita ce matsala ta gaba, kuma a nan direbobi suka fi ni sani. Wani mai gyaran wayar mota a garejin ya haɗa mana injin da batirin tirela ta cikin ɗan akwatin da ke juya wutar batir ta zama irin ta gida. Kwana uku ina zuwa ina ƙara ƙarfin iskar kaɗan-kaɗan yadda Likita ya tsara, ina duba lambar yatsa, har muka kai inda ta daina faɗuwa. Makon farko kullum sai ya fizge abin cikin barci. Hancinsa ya bushe, goshinsa ya yi sawu, ya yi ta mita. A dare na tara ya kwana da shi har asuba. A daren ne kuma direbobin garejin suka tashi a tsorace, don shekara da shekaru ba su taɓa jin ƙarƙashin motar nan shiru ba. Suka taru da tocila, wani har ya fara salati, aka ce a taɓa ƙafarsa a ji ko da ɗumi. Garba ya buɗe ido ya gan su tsaye a kansa, ya zare abin hanci ya ce lafiya? Suka ce su dai sun san barci ƙanin mutuwa ne, sun zaci yayar ce ta zo.

Da wata ya cika na koma da abin yatsa. Wannan karon ban bar wa takarda ita kaɗai ba. Na laluba aljihunsa, na duba haƙoransa, na zauna ina kallon ƙirjinsa yana hawa yana sauka a natse har aka kira assalatu. Takardar da ta fito ita ce ta daman nan. Ku gwada ta da ta hagu, ba za ku ga bambanci ba. Likita ya sa hannu. Alhaji Mamman ya tara mutanen gareji, waɗanda suka ce jifa da waɗanda suka ce ƙwaya, ya ba da haƙuri a gabansu, ya ciro makulli daga aljihun gaba ya damƙa wa Garba. Injin ma ya ce a bar masa shi, shi zai ji da Likita. Bayan mako biyu sai ga Alhajin da kansa ya dawo asibiti shi kaɗai, yana ta kewaye-kewaye, wai Hajiya ce ta ce shi ma yakan ɗan yi shiru cikin dare. Na ce ai gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, Alhaji, shafa wa naka ruwa ba laifi ba ne. Kafin shekara ta zagayo, masu jiran awon barci sun fi kwanakin da muke da su, kusan dukkansu daga Abatuwa da garejin Ijora, kuma ba a ƙara maganar sayar da inji ba.

Amma ni hankalina bai kwanta ba tukuna. Takarda daban, hanyar Arewa daban. Ranar da Garba zai tashi zuwa Potiskum ɗauko ragunan Sallah, na biya rumfar babana na zaɓi goro ashirin masu kyau, na ƙunshe a ganye, na ɗaure da irin ɗaurin gidanmu mai kunne biyu. Na kai masa na ce guzuri ne. Gaskiyar magana tsoro ne ya sa ni, na ce in injin ya gaza a hanya, ko banza goro ya riƙe shi ya kai gari. Ya karɓa ya jefa gaban mota kusa da injinsa da ya naɗe cikin bargo, ya yi mini godiya, ya ta da mota.

Kwana goma sha ɗaya ba labari, lokacin wayar hannu ba ta kai ga irinmu ba. Ranar na goma sha biyu da hantsi ina tura wa inji sirinjin safe, sai na ji hon ɗin tirela a ƙofar asibiti, irin wanda ke sa gilashin taga rawa. Garba ne, ya tare titin gaba ɗaya, direbobin danfo, motocin hayan nan, suna ta zage-zage a bayansa, raguna suna kuka a sama. Garba ya sauko bai ko kalle su ba. Ya shigo ɗakin nan, ya gaishe da Sista, ya gaishe ni, idonsa fari tas. Sannan ya sa hannu a aljihu ya ajiye wani abu a kan teburin nan da kuke jingine da shi. Ƙunshin goron ne. Ganyen ya bushe, amma ɗaurina mai kunne biyu yana nan yadda na yi shi.

"Ƙirga abinka," in ji shi.

Na kwance na ƙirga a gabansa. Ashirin cif.

"Ka ba mai gadinku," ya ce, yana juya makulli a yatsa. "Shi ne barci bai kamata ba. Ni na yi nawa."

Ya fita ya je ya buɗe wa masu danfo hanya.